Na kawo bokitin kajin KFC daga Abuja har Bauchi, ga yadda muka kwashe

Satin da ya wuce na je Abuja kan wata takarda, da na gama sai na ce bari dai yau in shiga KFC ɗin nan da yara suke ta damuna da ita, tunda kullum hoto kawai suke gani a waya. Na ci tsoka biyu da soyayyen dankali a wajen, sannan na sayi bokiti guda na riƙo tsaraba.

Gaskiya da zafinta akwai daɗi, wannan ba a musu. Ɓawon fulawar nan na baya kana ciza yana ƙaras ƙaras, cikin kuma laushi har ruwa-ruwa yake, ba irin suyar da za ka yi ta ja da haƙori ba. Amma fa kajin gidan gona ne, wanda ya saba da kazar Hausa mai ƙarfin ƙashi zai ji kamar yana tauna burodi, kuma harshen ɗan Bauchi dole ya nemi yaji.

To mun biyo ta Jos, bokiti na kan cinyata, ƙamshi ya cika mota har wani dattijo na kusa da ni ya ce ɗana me ka ɗauko ne haka, na ba shi fiffike ɗaya don kunya. Kafin mu iso gida bayan isha'i ɓawon ya yi sanyi ya saki, wannan kam laifina ne, abin da aka yi don a ci nan take ni na ɗauke shi na keta jihohi da shi. Ƙanwata ta ɗumama a kasko ta barbaɗa yajin ƙuli, ya ɗan dawo hayyacinsa.

Inna ba ma kazar ta dame ta ba, hoton jikin bokitin ta tsaya kallo, ta ce wannan tsohon mai farin gemu da tabarau fa, shi ne mai kajin? Na ce shi ne, amma ya rasu tun 1980 yana da shekara 90. Ta ce ikon Allah, mutum na kabari ana ta ciniki da fuskarsa.

Sunansa Harland Sanders, an haife shi 1890 a Amurka, uban ya rasu yana ƙarami sai ya zama shi ke yi wa ƙannensa girki. A 1930 ya karɓi wani gidan mai a garin Corbin a jihar Kentucky, a nan ya fara ciyar da matafiya da direbobi, kamar dai masu abincin bakin hanya da muke tsayawa wajensu in za mu Jos. Kanal ɗin da ake ce masa ma ba na soja ba ne, gwamnan jiharsu ne ya ba shi na girmamawa, kamar a naɗa mutum sarauta. Matsalarsa lokacin ita ce suyar kasko tana cin wajen rabin awa, matafiyi kuwa ba ya jira, shi ne ya koma soyawa a tukunyar nan mai riƙe tururi, ta rage lokacin sosai kuma naman bai bushe ba. Ya haɗa kayan ƙamshi kala 11 waɗanda har yau kamfanin ke ɓoye sirrinsu.

Wajen da ya fi burge ni shi ne da aka yi sabuwar babbar hanya ta kauce wa garin nasa, motoci suka daina bi ta ƙofarsa, ciniki ya mutu, ya sayar da wajen yana da shekara sittin da wani abu. Ni da ni ne sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in ce duniya ta ishe ni. Shi kuwa sai ya zuba tukunyarsa da garin haɗinsa a mota yana bin gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya, ya soya musu su ɗanɗana, in sun yarda su riƙa yi da haɗinsa suna ba shi 'yan kwabbai a kan kowace kaza da suka sayar. Dama tun 1952 wani abokinsa Pete Harman ya fara irin wannan da shi a Salt Lake City, kuma shi Harman ɗin ne ya kawo dabarar bokitin a 1957. Zuwa 1964 wuraren sun haura 600, a shekarar ya sayar da kamfanin dala miliyan 2. Sun shiga Sin a 1987, Najeriya kuma sai 2009 suka buɗe a Legas.

Ina ba da labarin nan Inna tana gutsurar cinya, sai ta ce wato shi ba kaza ya sayar ba, hannunsa ya sayar. Na yi shiru don ta fi ni faɗa. Sai na tuna mai masar unguwarmu da mutane ke layi a gidanta tun asuba, har daga Gombe ake aiko kula a cika, amma ranar da ta yi zazzaɓi 'yarta ta karɓi tanda kowa sai da ya gane, don ma'aunin ƙullun a idonta yake da tafin hannunta, ba a rubuce yake ko'ina ba. In ka ce min in zaɓa tsakanin masarta da miyar taushe da wannan bokitin wallahi ba sai na yi tunani ba, amma ita ba ta da reshe ko a unguwar Yalwa.

Zan sake saya? In na je Abuja zan ci a can da zafinta, amma ɗauko ta zuwa Bauchi na tuba, kuɗin bokitin nan da kasuwar Muda Lawal na shiga da kaji masu rai zan fito, a yi farfesu har maƙwabta su samu. Yaran dai sun ji daɗi, sun suɗe yatsu, ƙaramin har ɓawon da ya zube a tire ya tsince. Bokitin kuma Inna ta sa an goge shi tas, yanzu daddawa da barkono take ajiyewa a ciki, tsohon na kan kanta yana ta murmushi.