Na gwada Dokar 'Yancin Samun Bayanai kan kwangilar hanyarmu

Tun watan Mayun 2011 da Goodluck Jonathan ya sa wa dokar nan hannu nake jin labarinta a rediyo, amma ban taɓa gwada ta ba sai bana. Hanyar da ta ratsa garinmu ce ta tunzura ni. An kafa allo, an kawo katafila, an zuba jar ƙasa, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Sai na rubuta wa hukumar da ta ba da kwangilar, na nemi sanin kuɗin aikin, nawa aka biya ɗan kwangila, yaushe zai gama, sannan a ba ni kwafin yarjejeniyar kanta.

Abin da ya burge ni, ba a tambaye ni dalili ba, don dokar ta ce ba sai ka faɗa ba. Kuɗin mota da na fotokwafi kawai na kashe. Wanda zai gwada, ya tabbata an buga masa hatimi da kwanan wata a kwafin wasiƙarsa, in ba haka ba gobe a ce ba a gan ta ba.

Doka ta ce a amsa cikin kwana 7, a ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. Ni sai da na yi mako uku da sintiri biyu. Alƙaluman dai sun zo, kuma sun yi amfani, don a nan na ga an biya kuɗin somin aiki tuntuni. Yarjejeniyar ce aka hana ni, wai akwai sirrin kasuwancin kamfani a ciki. Wane irin sirri ne a kwalta da tsakuwa? Ina da kwana 30 in kai ƙara kotu, kuma akwai tarar naira 500,000 kan wanda ya hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, sai dai kuɗin lauya ya fi ƙarfin aljihuna.

Da na huce sai na tuna 2020. Kwamitin yarjejeniyoyi na Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Nicholas Ossai, ya tono sharaɗin janye kariyar ƙasa, wato Najeriya ta yarda a iya yin shari'a da ita kan bashin, a takardar bashin dala miliyan 400 da gwamnati ta sa wa hannu da bankin Exim na China tun 2018. Rotimi Amaechi, ministan sufuri a lokacin, ya roƙi a dakatar da binciken kada China ta tsayar da bashin aikin layin dogo. Wato su ma 'yan majalisa masu amincewa da bashin, sai bayan shekara biyu suka tayar da maganar. Ina ga ni mai shago?

In maki ne, biyar cikin goma zan ba dokar. Na kai kwafin amsar ofishin mazaɓar ɗan majalisarmu, yaron da ke gadi ya karɓa, ya ce oga yana Abuja.