Kafin ki sauke wa yaro mai ADHD gem ɗin koyon sau, ga abin da na gani

Tun da na faɗa a gidan suna a Tumfure cewa yarona ya fara kama lissafin sau da waya, mata ke ta tambayata wace manhaja ce, toh bari in rubuta sau ɗaya kowa ta gani. Yaron yana aji 4 na firamare, likita ya tabbatar mana yana da ADHD, wato larurar nan ta kasa tsayar da hankali wuri ɗaya da rashin zama, wadda mu a nan Gombe muke kira ƙiriniya ko rashin ji mu bi yaro da bulala. Teburin sau ɗin nan da ke bayan littafin rubutu mun rera shi har muryata ta dishe, da daddare ya iya, da safe kamar an share allo.

Abin da ya sa haka, irin waɗannan yaran abin da suke riƙewa a ka lokaci guda ɗan kaɗan ne, kuma ladan da za a samu "in an yi jarrabawa" ba ya motsa su, sai wanda za su gani yanzu-yanzu. Gem kuwa da ka amsa yake ce maka ka ci ko ka faɗi. Amma gem ɗin da ke kama hankali shi ne kuma yake iya sace shi, nan ne zaɓen yake da wuya.

Tambayar farko ba ta waya ba ce. Ɗauko kiret ɗin ƙwai ki ce ya faɗa miki guda nawa yake ci ba tare da ya ƙirga ɗaya-ɗaya ba. In ya ga layi 5 ne kowanne da 6 ya ce 30, ya gane ma'anar sau, hadda ce ta rage masa. In ya tsaya yana kallonki, kada ki ba shi gem na gudu tukuna, wahala kawai zai sha. Wannan Khan Academy ce tasa, kyauta ce, babu talla, tana nuna sau da ɗigo-ɗigo a jere da layin lamba, kuma ana iya sauke bidiyon a kalla ba data. Sai dai ba gem ba ce sosai, bayani ne da Turancin Amurka, yaro mai ADHD ba zai zauna shi kaɗai ya kalli bidiyo har ƙarshe ba, dole ki zauna gefensa kina tsayarwa kina maimaita masa da Hausa.

Wadda na fi so a fara da ita a irin yanayinmu ita ce GCompris, kuma mutane ba su santa ba. Kyauta ce gaba ɗaya, ba talla, ba rijista, in kin sauke sau ɗaya shikenan tana aiki ko babu intanet, wanda duk mai sayen data da kuɗin cefane ya san darajar wannan. An yi ta don yara daga shekara 2 zuwa 10, akwai wasanni fiye da 100 a ciki, na sau akwai wanda ake amsa tambaya, akwai na juya kati a haɗa tambaya da amsarta. Hotunanta ba su da wani ƙyalƙyali, ni kuma wannan ne ya burge ni don ba abin da ke fizgar ido. Inda za ki sa ido shi ne yawan wasannin, kina juya baya ya bar lissafi ya tafi wasan fenti.

Sai masu agogo. Hit the Button na Ingila ne, kyauta a burauza, minti 1 ne kacal, ki zaɓi gidan da kike so, misali gidan 6, ya yi ta danna amsa. Gajartar nan ta dace da su sosai, kafin hankali ya tashi an gama. XtraMath kuma wata ƙungiya ce a Amurka ta yi, ba ado ba kwalliya, kamar minti 10 a rana, tana lura da waɗanda yaro ya iya da waɗanda yake tuntuɓe tana dawo masa da su. Tana so yaro ya amsa kowace tambaya cikin 'yan daƙiƙu, kuma sai kin shiga kin saita ta a kan sau, in ba haka ba daga tarawa za ta fara. Maganar agogo dai sai ki san ɗanki. Wani agogon ne ke tashinsa ya zage, wani kuwa da ya ga lokaci na tafiya sai ya rikice ya hau danna duk abin da hannunsa ya kai, ko ya yi jifa da wayar. In naki na biyun ne ki bar masu agogo sai gaba.

Times Tables Rock Stars ita ce ta raba gardamar nan, don tana da ɓangaren Jamming da babu agogo sam, yaro ya zaɓi gidan da yake so ya amsa a natse, in ya yi ƙarfi ya koma Garage na minti ɗaya-ɗaya. Wani malamin lissafi a Ingila, Bruno Reddy, shi ya ƙirƙiro ta, makarantunsu na amfani da ita sosai saboda a can 'yan aji 4 suna yin gwajin sau na ƙasa, tambaya 25 kowace daƙiƙa 6. Yaro na tara kuɗin wasa yana saya wa mutum-mutuminsa kaya. In za a biya kuɗi ni a nan zan biya. Amma da fam ake biya a shekara, sai da intanet, kuma jigon wasan mawaƙa ne da kiɗa, gidan da ba a son wannan sai a kashe sautin ko a haƙura.

Prodigy fa, ita yara suka fi so, gaskiya ta haɗu, ɗan Kanada ne gem ɗin, yaro na zama mai sihiri yana yaƙi da dodanni, sai ya amsa lissafi kafin ya kai hari. Ra'ayina dai ba ita ba ce ta koyon sau ga mai ADHD. Yawo da tara dabbobi da canza kaya sun fi lissafin yawa, tambayoyin kuma na manhajar lissafi ne gaba ɗaya ba sau kaɗai ba, ga cin data tunda ba ta tashi sai da intanet. Shiga kyauta ne amma ana yawan nuna wa yaro abin da masu biya ke samu, har a 2021 wasu ƙungiyoyin kare yara a Amurka suka kai ƙorafi kan haka. Maganar sihirin ma wasu iyayen ba za su so ba.

Wanda zan ce ki guje shi kwata-kwata su ne tarkacen nan na kyauta da ke cika Play Store, masu rubuta "don ADHD" a jikinsu. Na taɓa sauke wata, ba zan kama suna ba, duk amsa uku sai talla, na shiga kicin na fito na tarar yaron ya bi talla ya sauke gem ɗin mota, data ta ta ƙare. Rubuta ADHD a suna ba ya nufin likitoci sun gwada. Gem ɗin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020 don yara masu ADHD 'yan shekara 8 zuwa 12 sunansa EndeavorRx, shi ma ba lissafi yake koyarwa ba, kuma ba ya maye gurbin ganin likita.

Ko wacce kika ɗauka, a saitin tsaro na Android akwai inda ake kafe manhaja ɗaya a fuskar waya, ba ya iya fita sai da lambar sirrinki, ki kunna shi. Minti 10 ya isa, mu bayan la'asar muke yi in ya gama guje-gujensa, a tsaye ma yake yi wani lokacin na ƙyale shi. Kada ki biya ko sisi sai kun yi sati biyu da na kyauta, kuma gwajin ba makin da ke cikin waya ba ne, ki tambaye shi a hanyar Islamiyya ko kuna cikin Keke, 6 sau 7 nawa.

Wani abu da ya rage mana tsoro, teburin 144 ne amma tunda 3 sau 8 da 8 sau 3 abu ɗaya ne sun koma 78, in kika cire gidan 1, 2, 5, 10 da 11 masu sauƙi saura 28 kawai. Na rubuta su a kwali na manna a jikin firij, duk wanda ya zauna sai ya soke shi da kansa. Yanzu saura 9. 7 sau 8 ne ya fi ba mu wuya, sai da babansa ya ce masa ya ƙirga 5, 6, 7, 8, wato 56 shi ne 7 sau 8, gidan 12 kuwa ko taɓa shi ba mu yi ba tukuna.