Rumfar hayar littattafai a Kuseri da abin da na tarar a layin labaran tarihi

A bayan babbar kasuwar Kuseri, garinmu da ke arewacin Kamaru daura da Njamena, akwai wata rumfa da ake ba da hayar littattafai, kuma tun bayan Sallar Layya nake hulɗa da ita. Abokai da dama sun tambaye ni ko ta cancanci kuɗin mutum, musamman masu son ƙagaggun labaran da aka gina a kan tarihi, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani kowa ya karanta. Ta cancanta, babu shakka. Sai dai ka je da sanin abin da kake nema, in ba haka ba za ka koma gida da wani abu daban.

Tsarin ba shi da wuya. Ranar farko za ka ajiye jaka biyu, wato sefa 2,000, a matsayin jingina, a rubuta sunanka da unguwarku a wani babban littafi, ranar da ka ce ka daina a mayar maka da kuɗinka. Kowane littafi dala arba'in ne a mako, wato sefa 200, in ka wuce ranar da aka yanka maka kuma dala biyar ce kowace rana. Mai rumfar dattijo ne mai haƙuri, mu duka Baba muke ce masa. Littattafan Hausa daga Kano ake kawo masa ta Maiduguri da Gamboru da Fotokol, kuma ya ce tun da rikici ya tsananta a wannan hanya a 2014 kaya ba su sake zuwa yadda suka saba ba, wani lokaci sai sun zagayo ta Yola da Garwa da Marwa. Na Faransanci kuwa gwanjo ne, yana tsallaka gadar Ngeli ya sayo su a Njamena. Saboda haka littattafan ba su da wani yawa, amma a garin da da wuya ka ga littafin Hausa in ba na addini ba, wannan rumfa ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne layin da aka manna wa takarda an rubuta "Tarihi". Mafi yawan abin da ke wurin labaran yaƙi ne irin na jarumi mai takobin tsafi, da birnin da ba ya cikin kowace taswira, da aljanun da ke ɗauke gimbiya da tsakar dare. Ba na raina su. Samari suna son su, kuma da su mutane da yawa a unguwarmu suka gyara karatun Hausarsu. Amma ba su da alaƙa da tarihi. Na ce masa, "Baba, waɗannan ai ba nan ne mazauninsu ba." Ya ce, "Ɗana, duk littafin da aka hau doki a cikinsa, a nan masu haya suke nemansa. In na raba su sai su ce na ɓoye musu." Na karɓi uzurinsa, amma har yanzu ina ganin gara a raba. A labarin tarihi marubuci yana da damar ya ƙirƙiri mutum, ya ba shi suna da uwa da sana'a, amma garin da shekarar da sarkin da ke kan gado da hanyar da ayari ya bi dole su tsaya inda suke. Yaron da ya ɗauki na aljanu daga wannan layi zai iya zaton haka kakanninsa suka rayu.

Da na tona sosai na sami guda biyu da su kaɗai ma sun biya ni kuɗina.

Na farko shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙansa. Yana malamin makaranta a Bauci ya rubuta shi, don gasar ƙagaggun labarai da hukumar fassara ta Zariya ta shirya a 1933, shekaru masu yawa kafin ya zama Firayim Ministan Najeriya. Ɗan siriri ne, mai saurin karatu zai gama shi a dare ɗaya. Shi Shaihu Umar wani babban malami ne a Rauta, kusa da Bauci, ɗalibansa suka tambaye shi asalinsa, sai ya ba su labarin yadda aka haife shi a Kagara, yadda hassadar fadawa ta sa aka kori Makau, mijin mahaifiyarsa, yadda aka sace shi yana ƙaramin yaro, har ya faɗa hannun wani Balarabe ɗan kasuwa mai suna Abdulkarim a Kano, ya ƙetare Sahara da shi. Ba zan ɓata wa wanda bai karanta ba ƙarshen labarin.

Hausar littafin ce ta fara kama ni. Babu ado, babu kwalliya, magana ce ta dattijo da ke zaune a zaure yana ba da labari ba tare da ɗaga murya ba. Da wannan murya mai sanyi yake faɗa maka cewa sarki ya tura mutane hari don a kamo bayi, kamar yadda za a ce an tafi cin kasuwa. Marubucin bai tsaya ya yi wa'azi a kan bauta ba, ya bar ka da abin a hannunka. Akwai lokacin da hankalina bai kwanta ba, domin shi Umar bautar ta zame masa hanyar ilimi: ya sami ubangida na kirki, ya yi karatu, ya zama shaihi, har mai karatu zai iya cewa to ina aibin abin? Amma mahaifiyar tana nan, kuma ita ce ta riƙe littafin. 'Ya ce, ba baiwa ba, ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar, ta bi ta hannu zuwa hannu har ƙasar Larabawa, jikinta yana ƙarewa, ba ta daina tambayar ɗanta ba. Wallahi wannan sashe ya hana ni barci. Aibin littafin kuwa, in za a faɗa, shi ne abubuwa suna yawan haɗuwa bisa katari, kuma an yi saurin wuce wurare da na so a daɗe a cikinsu, musamman tafiyar Sahara.

Mu mutanen bakin kogin Logon bai kamata mu karanta shi kamar labarin wata ƙasa ba. Hanyar da ta tashi daga Barno ta bi ta Bilma da Murzuk zuwa Turabulus, a wancan zamani daga yankinmu ake cika ta da bayi. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgum a ƙarshen 1851 da farkon 1852, ya ga da idonsa yadda aka ƙone ƙauyuka aka kwashi mata da yara. Musgum ɗin nan su ne maƙwabtanmu da muke sayen kifi da shinkafa a hannunsu yau. A makaranta an koya mana cinikin bayi da Faransanci, da jiragen ruwa da gaɓar teku, kamar abin bai taɓa zuwa nan ba. Sai da na bi wannan uwa a cikin labari na ji nauyin abin a jikina.

Na biyu da Faransanci yake, Sarraounia na Abdoulaye Mamani, mutumin Nijar, wanda ya fito a 1980. Labarin Sarauniyar Aznan Lugu ne, a yankin Dogon Dutsi, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Wannan runduna ita ce ta yi ta ƙone garuruwa tana kashe mutane a kan hanyarta, har da kisan gillar Birnin Ƙonni, kuma da Faransa ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a watan Yuli, su ma sojojinsu suka kashe su cikin 'yan kwanaki. Mamani ya iya zana haukan waɗannan hafsoshi, yadda girman kai da jini suka juyar musu da ƙwaƙwalwa. A nan littafin ya fi ƙarfi. Inda ban bi shi ba shi ne yadda ya zana wasu sarakunan Musulmi, kamar ba abin da ya dame su sai ƙin Azna. Tarihi ya fi haka faɗi: Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya yi yaƙi da ragowar wannan runduna a Tirmini a 1899, kuma Sarkin Musulmi Attahiru a fagen daga ya rasu a Burmi a 1903. Duk da haka ina ba da shawarar a karanta shi. Faransancinsa bai fi ƙarfin wanda ya kai ajin ƙarshe na kwaleji ba.

Abin da ya sa na karanta shi da bugun zuciya shi ne na san inda rundunar ta ƙare. Bayan mutuwar Voulet da Chanoine, Joalland da Meynier ne suka ja ragowar sojojin zuwa gabas, suka zagayo Tafkin Cadi. A nan suka haɗu da rundunar Foureau da Lamy da ta ƙetaro Sahara daga Aljeriya, da ta Émile Gentil da ta hauro daga Kwango. Ranar 22 ga Afrilu 1900 suka gwabza da Rabe, mai mulkin Barno a lokacin, a nan Kuseri, tare da mayaƙan Sarkin Bagirmi Gaurang, wanda Rabe ya riga ya ɗaiɗaita masa ƙasa. Aka kashe Rabe aka sare kansa, shi ma Lamy bai kwana ba. Garin da Gentil ya kafa a ƙetaren kogin Shari ya sa masa suna Fort-Lamy shi ne ya zama Njamena a 1973. Wasu daga cikin sojojin da suka tsaya a bakin dajin Lugu su ne suka taka ƙasar da muke tafiya a kanta kullum. Baba ma bai lura da wannan ba sai da muka zauna muka jera shekarun, daga nan ya fara haɗa littafin da wani ƙaramin littafin tarihin Cadi in ɗalibai sun zo haya. Wannan halin nasa na sauraro yana cikin abin da ke mayar da ni rumfar.

Akwai kuma Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasa ɗaya da Shaihu Umar. Farkonsa tarihi ne sosai, Kwantagora da zuwan Turawan Ingila, daga baya ya shige duniyar aljanu. Wanda ya saba da labaran takobi zai iya farawa da shi.

Bayan waɗannan sai layin ya ƙare, kuma a nan ne takaicina yake. Na duba rumfar ciki da bai ban sami labari ko ɗaya da Hausa da aka gina a kan tarihin wannan yanki ba. Ga Rabe, wanda ya ci Barno ya ƙone Kukawa a 1893, ya mayar da Dikwa hedikwatarsa. Ga Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya bar Sakkwato ya zauna a Balda ta ƙasar Marwa, ya karɓi kiran Mahadin Sudan, ya haɗa kai da Rabe har ya auri 'yarsa Hauwa, daga baya zaman Dikwa ya zame masa kamar kurkuku, ya yi yunƙurin fita a 1898, Fadlallah ɗan Rabe ya bi shi aka kashe shi. Ka duba matsayin Hauwa, tsakanin uba da miji da ɗan'uwa. Wane marubuci ne zai ce ba shi da abin rubutawa? Ga kuma Jamusawan da aka tsare a kan dutsen Mora daga 1914 har Fabrairun 1916, da sojoji baƙaƙen fata da suka sha yunwa tare da su a kan yaƙin da ba nasu ba. Muna da masu rubutu a Marwa da Garwa da Njamena, da yawa suna zuba labaran soyayya a WhatsApp kullum, kuma wasunsu alƙalaminsu yana da kyau ƙwarai. Ina roƙon ko mutum ɗaya daga cikinsu ya zauna da tsofaffin Kuseri da Logon Birni da Gulfe tun suna da rai, ya karanta abin da masana suka tattara, ya ba mu labarin.

Sauran ƙorafina a kan jikin littattafan ne. Wasu ba na asali ba ne, hoto aka ɗauka aka ɗinke, tawadar ta dushe har ƙugiyar ƙ da ɗ ba ta fita, wani wurin sai ka yi ta canki. Kwafin Shaihu Umar da na fara karɓa shafuka biyu sun ɓalle a tsakiya, da na nuna wa Baba ya canza mini da wani ba tare da ya ƙara mini ko dala ba. Ƙura da zafin Kuseri ma ba sa barin takarda, gam yana narkewa bango ya rabu. Don haka ka buɗe littafi ka bi lambobin shafi tun kana tsaye a rumfar. Mako guda ya isa ga na Hausa, amma ga na Faransanci ya yi kaɗan ga mai aiki, gara ka biya na mako biyu tun farko, ya fi sauƙi a kan tarar kwanaki. Babu jerin sunayen littattafai, komai yana kan Baba, saboda haka ka faɗa masa sunan abin da kake so kai tsaye. In an riga ka ɗauka zai rubuta sunanka ya ajiye maka ranar da aka dawo da shi, kuma ni dai bai taɓa saɓa mini alkawari a kan wannan ba. Da hantsi rumfar ta fi sarari, bayan la'asar ɗalibai suna cika ta, ranar Juma'a kuma ba ya buɗewa sai an sauko daga masallaci.