Wuƙar sifirin, ta magagari ko ta rodi: wacce ta cancanci kuɗinka?

Duk wanda zai sayi wuƙa ko adda a hannun maƙeri ya fara tambayar irin ƙarfen da aka ƙera ta da shi, domin daɗewar kaifi daga cikin ƙarfen take fitowa. Idan aka zuga wuta har zafin ƙarfen ya haura digiri 727 a ma'aunin Salshiyas, jerin ƙwayoyin zarrarsa yakan fara komawa wani tsari da ake kira ostenait, wanda ke shanye sinadarin kabon. Da an tsoma shi cikin mai ko ruwa nan take, kabon ɗin ba ya samun lokacin fita, sai ya maƙale ya takura jerin, a samu wani tsari mai tsananin tauri da ake kira matansait.

Shi ya sa nake fifita ƙarfen sifirin na mota. Kabon ɗinsa kusan kashi 0.6 ne cikin ɗari, wanda ya isa ya taurara baki ba tare da ya mayar da adda mai saurin karyewa ba. Maƙerin da ya san aikinsa yakan sake ɗumama ta bayan tsomawa har bakin ya yi ruwan kara, wajen digiri 220, don rage gautsi. Irin wannan adda tana saran itace mai tauri ba ta ɓalgacewa, kuma dutsen wasawa yana dawo da kaifinta cikin sauƙi.

Tsohon magagari ya fi kabon, kaifinsa ya fi, amma yana karyewa a wurin sara. Rodi kuwa kabon ɗinsa kan yi kaɗan, ba abin dogaro ba ne.

Babbar matsalar ita ce algus. Akwai masu ƙera wuƙa da rodi, su ƙona ta da baƙin mai ta yi baƙi ƙirin, su rantse maka cewa sifirin ce. Irinta ta taɓa lanƙwashe mini a kan ƙashin rago. Ka goga magagari a bakinta: idan ya zame, ta taurara, idan ya ci ta yana zubar da gari, ka ajiye. Ka kuma guji wadda bakinta ya yi shuɗi a injin wasawa, domin zafin ya riga ya sassauta taurin da aka sha wahalar samu.