Kafin ka zuba kuɗi a tsohon gem: na asali, ƙaramin na kamfani, ko ɗan kwaikwayo?

Duk wanda ya yi yarinta a shekarun 1990 ya san yadda ake hura wa kaset ɗin Sega iska da baki idan ya ƙi tashi. Yau waɗannan kayan har gwanjonsu ake yi. A watan Yulin 2021 kamfanin Heritage Auctions na Amurka ya sayar da Super Mario 64 guda ɗaya, wanda ba a taɓa yage ledarsa ba, a kan dala miliyan 1.56. Labarin ya ruɗi mutane, har mai tsohon kaset a ƙarƙashin gado ya ɗauka ya tsinci dami a kala.

Farashin tsohon gem hawa-hawa ne. Kaset tsirara, wanda ba kwali ba takarda, shi ne mafi araha. Mai kwalinsa da ɗan littafinsa ya fi shi nesa ba kusa ba. A can sama kuma akwai wanda ke cikin ledar kamfani, wanda kamfanonin tantance gem irin su Wata suka duba, suka ba shi maki, suka rufe shi a akwatin roba. Wannan na ƙarshe ban ba kowa shawarar ya saya don neman riba ba, domin bayan hayaniyar 2021 farashin da yawa daga cikinsu ya faɗi warwas. Kuma kuɗin da mai kaya ya yanka ba shi ne farashi ba. Ka shiga kasuwar intanet ta eBay ka duba abin da aka riga aka sallama, ka gwada da lissafin PriceCharting, shafin da ke bin farashin gem, sannan ka yi tayi.

Na asali ya fi komai daɗi, ya kuma fi buƙatar ido. Ɗauki kaset ɗin Pokémon na Game Boy, wanda jabunsa ya cika kasuwa. Karkata shi wajen haske, za ka ga 'yan lambobi da aka danna a jikin takardar gaba. In mai kaya ya yarda, a kwance shi da sukurdireban da ake kira gamebit: na gaske akwai sunan Nintendo a jikin allon lantarkin da ke ciki, na jabu kuwa sau da yawa wani baƙin ɗigo za ka gani kamar kwalta. Ka tambayi batun batir, musamman a Pokémon Gold da Silver, domin agogon cikinsu na cinye shi, in ya mutu kuma wasan da ka ajiye ya tafi.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi ba ni takaici. Japan na aiki da bolt 100, Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. Na taɓa jona Super Famicom, wato na'urar SNES ta Nintendo samfurin Japan, kai tsaye a bango, ko minti ba a yi ba ƙauri ya cika ɗaki, adaftar ta ƙone. Kayan Turai su ne daidai da wutarmu da tsarin PAL na talabijin ɗinmu, sai dai wasu wasannin sun fi na Amurka nauyin tafiya, kuma kaset ɗin SNES na Amurka ba ya shiga na'urar Turai.

Wanda wasa kawai yake so, ƙananan na'urorin da kamfanonin suka sake fitarwa sun ishe shi. NES Classic ta 2016 na da wasanni 30, SNES Classic ta 2017 na da 21, Mega Drive Mini ta 2019 na da 42. Da HDMI suke shiga talabijin, da USB suke cin wuta, ba ruwanka da tiransifoma. Nintendo ta daina yin nata, don haka a hannu za ka samu, kuma su ma an yi jabunsu.

'Yan kwaikwayon nan masu rubutun wasanni 9999 kuwa, wasanni kaɗan ne aka maimaita da sunaye daban-daban. Yara za su ji daɗinsu, amma ranar sayarwa ba wanda zai taya.

Idan tari guda aka kawo maka a kwali, kada ka yi ciniki da yawansa. Zazzage shi a tabarma, ka ware uku ko huɗu masu daraja, domin yawanci su ne ke ɗauke da kuɗin tarin gaba ɗaya. Wasannin ƙwallo na PlayStation da ake fitar da sabo kowace shekara kusan kyauta ne. Ɗaga kowane faifai ka duba ƙarzuwa, ka sa a kunna na'urar a gabanka da abubuwan riƙewarta na wasa guda biyu. Haka in kai ne mai sayarwa: dillali zai saye duka a dunƙule ya biya ka nan take, amma da rangwame mai yawa, don shi ma riba zai ci. Ka cire masu tsadar ka sayar ɗaya-ɗaya da hotuna masu kyau, gaba da baya har da cikin allon, ragowar ka bar masa.