Faifan CD mai tsada: zinaren ake saya ko aikin situdiyo?

Masu son sauti mai tsafta a Kano sun daɗe suna gardama kan fayafayan da aka shafa wa zinare da waɗanda ke zuwa daga Japan da tambarin SHM-CD, Blu-spec ko XRCD. Kuɗinsu kan ninka na faifan yau da kullum biyu ko uku, ga kuɗin aiko da na kwastan. Na saurari irinsu a jere da na gama-gari a kan na'ura ɗaya, kuma hukuncina shi ne wasu sun ci kuɗinsu, amma ba don abin da aka rubuta a jikin kwali ba.

Tsarin CD da kamfanonin Philips da Sony suka kawo kasuwa a 1982 yana nan yadda yake. Kowane CD lambobi yake ɗauke da su, samfurin sauti 44,100 a kowace daƙiƙa, kowanne mai bit 16. SHM-CD ya yi amfani da roba mai haske sosai, Blu-spec na Sony da ya fito a 2008 ya inganta yadda ake sassaƙa ƙananan ramukan da ke ɗauke da lambobin a jikin faifan, na kamfanin Mobile Fidelity kuma ya sa zinare a madadin alminiyom. Duk cikinsu babu wanda ya ƙara lamba ko ɗaya. Tun asali ma an gina wa CD hanyar gyara kuskuren karatu, wadda ke cike gurbin ƙarcewar da ta kai kusan milimita 2 ba tare da kunne ya ji komai ba. Faifan da ake karantawa daidai ba ya buƙatar a ƙara karanta shi daidai.

To me ya sa wani lokaci ake jin bambanci ƙarara? Mastarin ne, gyaran ƙarshe da injiniya ke yi kafin a buga faifai. Daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, suna matse sauti har ganga ta daina bugun ƙirji, muryar mawaƙi da kayan kiɗa su cushe wuri guda, kunne ya gaji da wuri. Bugu mai tsada na kirki yakan koma kan kaset ɗin asali na situdiyo, a bar wa sautin sarari. Nan ne XRCD na JVC da fayafayan Mobile Fidelity suka fi burge ni, musamman a kiɗan da ba lantarki a ciki: za ka ji numfashin mai busa da yadda tsirkiya ke mutuwa a hankali. Amma akwai SHM-CD da yawa da tsohon mastarin aka sake bugawa a sabuwar roba, kuma wannan asarar kuɗi ce.

Gwajin ba wuya. A kwafi fayafayan biyu a kwamfuta da manhajar Exact Audio Copy, a duba lambar tantancewa da manhajar ke lissafowa daga bayanan kowace waƙa. In ta zo ɗaya, abu ɗaya ka saya sau biyu. In ta bambanta, a daidaita ƙarfin sautinsu sosai kafin a saurara, domin wanda ya ɗan fi ƙara kullum shi kunne ke cewa ya fi daɗi, sannan wani ya riƙa canza maka su ba tare da ka gani ba.

SACD, wato Super Audio CD da ya fito a 1999, shi kam tsarinsa daban ne, sai dai yana son na'urarsa. In ka sa mai hawa biyu, wato mai ɗauke da hawan SACD da na CD, a na'urar CD ta gida, hawan CD kawai za ta karanta.

Zinare yana da amfani guda na gaskiya, ba ya tsatsa. Amma a garin nan ƙurar hunturu da zafin bazara ne ke kashe faifai. Ƙura na kwanciya a kan idon na'ura sai waƙa ta riƙa tsalle, a ɗora wa faifai laifi. Faifan da aka bari a mota da rana tsaka yana iya lanƙwasa, na zinare ne ko ba na zinare ba. A goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye, kuma a kula da ɓangaren rubutu, don nan ne bayanan suka fi kusa da waje. Wanda sifikunsa ƙanana ne, ko wutarsa ke hawa da sauka babu sitabilaiza, can ya kamata kuɗinsa ya fara zuwa.

Sai jabu, wanda kwalinsa kan yi kyau har ya ruɗi mutum. Juya faifan: in bayansa na ɗaukar kore ko shuɗi, ƙona shi aka yi a kwamfuta. Bugun masana'anta na bayan 1994 yawanci yana da ƙaramin rubutun IFPI a zoben tsakiya. In har yanzu da shakka, buɗe waƙa ɗaya a manhajar Spek, wadda ke nuna sauti a zane. Sautin da ya yanke ƙaf a wajen kilohaz 16 galibi daga MP3 aka ɗauko shi, kuma kada a biya masa ko kuɗin faifan gama-gari.