Horon shugabanni kan sakin jiki a wurin aiki: ya cancanci kuɗinsa, amma da gyara

Akwai wani horo na kwana biyu da ake ba shugabannin ma'aikata a nan Maradi, galibi masu riƙe da cibiyoyin lafiya, masu kula da mangaza, da shugabannin ƙungiyoyin mata masu matsar man gujiya. Manufarsa ɗaya ce: yaron gida ya iya faɗa wa maigida "na yi kuskure" ko "wannan ba zai yiwu ba" ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Tushen darasin mai ƙarfi ne. An ɗora shi kan aikin Amy Edmondson ta jami'ar Harvard, wadda ta fitar da bincikenta kan sakin jiki a wurin aiki a 1999. Kafin nan ta lura a asibitocin Amurka cewa rukunin da suka fi jituwa su ne suka fi kai rahoton kuskuren magani, saboda ba su jin tsoron faɗa. Masu horon sun kyauta da suka kawo misalin gida: firjin allurar rigakafi dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. In wuta ta ɗauke da dare, ma'aikaci ya ga ma'auni ya haura, ya yi shiru don tsoron faɗa, yara ne za a yi wa allurar da ƙarfinta ya ragu.

Rana ta biyu ita ce mai nama. Ana raba mutane shida-shida, a gwada taron safe na minti 15. Ƙaramin ma'aikaci ne ke fara magana, shugaba ya zo ƙarshe, domin da zarar Alhaji ko Hajiya ta faɗi ra'ayinta, sauran sai "haka ne". An hana tambayar "akwai matsala?", tunda amsarta kullum "lafiya lau". Ana koya wa shugaba ya ce, "Malam, me ya fi ba ka wahala jiya?" sannan ya yi shiru ya ƙirga goma a zuci. Wannan shirun ne ya fi gagarar shugabanni. Yawanci kafin biyar sun cike gurbin da bakinsu. Idan aka kawo labarin ɓarna, kalmar farko godiya ce, sai "me ya faru?", a bar "wa ya yi?" sai daga baya, a keɓe. Sun kuma raba kuskure da ha'inci sarai: wanda ya manta rubuta buhu biyu daban, wanda ya karkatar da su daban, kuma hukuncin na biyun yana nan.

Inda horon ya gaza shi ne wajen auna sakin jikin ma'aikata. Suna raba takardar tambayoyi bakwai ta Edmondson da Faransanci, alhali mai gadi da mai shara da yawancin matan ƙungiya ba za su iya cikewa ba sai an karanta musu, kuma mai karantawar sau da yawa shugaban ne. A wurin da ma'aikata shida ne kacal, kowa ya san rubutun kowa, batun ɓoye suna bai taso ba. Gara wani daga waje ya yi tambayoyin da baki, da Hausa, mutum ɗaya-ɗaya.

Kunya ma sun taɓa ta sama-sama, abin da ya ba da takaici. Budurwa ba za ta gyara wa sa'an mahaifinta magana a gaban maza ba, komai kyan tsarin taro. Tana buƙatar zama na mata zalla ko wata babba da za ta isar da saƙonta. Babu kuma bibiya bayan an tashi.

Wanda zai biya, ya sa sharaɗin masu horon su dawo bayan sati shida su zauna a taron safe ɗaya. Kuma maigida ya je da kansa. In mataimaki aka tura, ranar Litinin zai dawo ya tarar da mai tsawar yana nan a kujerarsa.